Yadda muke kashe ƙananan kwamitoci da hannunmu

Tun 2018 da aka hana maganin tari mai kodin a Najeriya nake ganin abu ɗaya. A tara ma'aikatan asibiti, malaman makaranta, jami'an walwala, masu yaƙi da shaye-shaye da masu unguwanni a kan halin da matasanmu ke ciki, a ci shinkafa, a raba ƙananan kwamitoci. Bayan wata uku ka tambayi inda aka kwana, kowa ya kalli ɗan'uwansa.

Kuskuren da ya fi ƙona ni nawa ne. Ina riƙe da kwamitin tura yara ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai na buɗe zaure guda a WhatsApp na zuba kowa ciki, wai don sauƙin aiki. Aka saka sunayen yara tara da unguwanninsu. Kafin Juma'a labarin ɗayansu ya isa majalisar ƙofar gidansu, iyayen yarinyar da yake nema suka dawo da kayansa. Sauran takwas ɗin ba mu ƙara ganin ƙeyarsu ba. Mahaifiyarsa ta same ni a ofis, ta ce, "Malam, amana fa muka ba ku." Da ma zagina ta yi. Tun ranar kowane yaro lamba nake ba shi, littafin sunaye kuwa mutum biyu kaɗai ke taɓa shi, masu kame kuma zamansu daban. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare sirrin marar lafiya. Ku nawa kuka karanta ta?

Sai masu turo wakili. Yau wannan, gobe wancan, kowa da "oga ne ya ce in zo". Haba jama'a! Rabin zaman ya ƙare a maimaita wa baƙo abin da aka yanke. Ni sunan mutum nake rubutawa, ba sunan ofis ba, kuma ba na wuce mutum bakwai. Wanda ya yi fashi sau biyu, in nemi wani.

Kwamiti ɗaya, aiki ɗaya, da ranar gamawa. Kada a tashi ba a rubuta wa zai yi me ba. Maganar kuɗin mota a kashe ta tun zaman farko.

Kuma ku sa mace a ciki, ku sa matashi. 'Yan mata ma suna sha, a cikin ɗaki, kuma ba za su faɗa wa dattijo mai rawani ba.