Darasi na Bakwai: Zanen Wuri a Waya, Kullum Ɗaya

Kafin a haɗa fim ɗin katun ko wasan kwamfuta, akwai mai zanen da ake fara nema. Shi ne zai zana inda labarin zai faru: kasuwa, daji, bakin kogi, ko wani garin da babu shi a duniya. Daga zanensa sauran ma'aikata suke ɗaukar fasali. Wannan sana'a ba ta shiga hannu da karatu kawai, sai an yi ta yi.

A shekarar 2009 wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, ya ƙirƙiro Inktober, wato zane ɗaya kowace rana har kwana 31 na watan Oktoba su cika. Shi da tawada ya yi nasa, mu da waya za mu yi. Manhajar ibisPaint X tana aiki a wayar Android, mai kwamfuta kuma ya sauke Krita, kyauta ce. Yatsa ma ya isa, ba sai an sayi alƙalamin waya ba.

Ku ware minti 20. Ku fara jan layi inda sama ta haɗu da ƙasa. Kada ku taɓa ja ko kore tukuna, launi uku sun wadatar: baƙi, toka-toka da fari-fari. Abin da ke kusa da ku, ku yi shi da duhu. Na tsakiya toka-toka. Na can nesa ya dusashe. Wanda ya taɓa hango Dutsen Dala da safiyar hunturu, hazo ya lulluɓe shi, ya riga ya san dalili: ƙura da iskar da ke tsakani su ne suke cinye launin abin da ya yi nisa. Kowane kashi ku ba shi leyarsa daban, wato shafin zane mai kama da gilashi da manhajar ke ɗorawa a kan wani, don in kun goge bishiya kada gini ya bi ta. A ƙarshe ku tsayar da ɗan ƙaramin mutum a gefe, shi zai nuna girman ganuwa ko rumfa.

Tagogi da ado su ne tarkon sabon shiga, suna cin lokaci a banza. Ku bar su.

In rana ta kuɓuce muku, kada ku rama da zane biyu, ku ci gaba kawai.

Aikin gida: ku zana ƙofar gidanku yau, gobe tashar mota, jibi bakin rijiya. Ku rubuta kwanan wata a ƙasan kowanne, ku zo da su aji ranar darasi na gaba.