In mutum ya faɗi da moto ya bugu a ƙeya, ga yadda ake yi

Jama'a wannan abin da muke yi a Damagaram in ɗan kabu-kabu ya faɗi, kowa ya rugo, wannan ya ja hannu wancan ya ja ƙafa, kai yana reto a cusa shi cikin adaidaita, wallahi wani lokacin mu ne ke ƙarasa shi. Wuya ƙasusuwa 7 gare shi, na sama guda 2 da ƙoƙon kai ya zauna a kansu likitoci na ce musu C1 da C2, laka ta cikinsu ta bi, in suka goce suka danne ta numfashi ma tsayawa yake.

To mutum ɗaya ya durƙusa wajen kansa ya tallabe da hannu biyu yadda ya tarar da shi. Kar a ja, kar a ce bari a miƙe mai wuya, ruwan nan da muke saurin ɗurawa a bar shi. In da kaske, wato hular kwano, a kansa kar a cire sai in numfashi ya gagara. A kira 'yan kwana-kwana, lamba 18. In dole sai an ɗauka, a samo ƙyauren ƙofa, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, a naɗe zani a tokare kan dama da hagu.

Kai tsaye babban asibiti. Maɗori ba hurumin shi ba ne nan, komin iyawarsa. Radiyo, wato hoton ƙashi, ita kaɗai tana iya ƙin nuna karayar wurin, sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla, ita ce ke fito da ita.

Ba kowace karaya ake wa aiki ba, wata abin tallabe wuya ake sawa wata biyu zuwa uku. Amma in jijiyoyin da suka riƙe kai da wuya suka tsinke sai tiyata: a sa mai barci a kwantar da shi rub da ciki, a buɗe ta ƙeya, a kafa ɗan faranti na ƙarfen titaniyom a ƙoƙon kai, kusoshi cikin ƙashin wuya, sanduna biyu su haɗa su, sannan a ɗebo ɗan ƙashi, galibi daga ƙugunsa, a shimfiɗa don su manne su zama ɗaya. Mannewar tana cin watanni, taba sigari kuma tana hana ta.

Ku tambayi likita tun kafin a shiga har ina za a ɗaure, don kusan rabin waiwayen mutum tsakanin C1 da C2 yake, in an haɗa da nan ko sallamar sallah da kafaɗu zai riƙa juyawa. Bayan sallama daga asibiti in ciwon ya fara ruwa, ko zazzaɓi, ko hannu ya fara mutuwa, a koma ranar.