Kurakuran da ke kashe faɗa a finafinan matasanmu, da yadda za a gyara su

Matasan Gusau, Ƙauran Namoda, Birnin Kebbi da Argungu da ke ɗaukar gajerun finafinan faɗa da waya ko ƙaramar kyamara ba su rasa ƙarfi ba, wasunsu ma 'yan kareti ne na gaske. Abin da ke ɓacewa shi ne mai kallo ya gane wa ya naushi wa, daga ina, kuma me naushin ya yi wa wanda ya sha shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ajiye kyamara a gefen mutum biyu, sai a ga hannu ya wuce ta gaban fuska da sarari a tsakani. A fim ba a taɓa fuskar mutum. Ana barin tazarar santimita 15 zuwa 20, kyamara ce ke ɓoye ta. Ku tsaya bayan kafaɗar mai naushi ko ta mai karɓa, yadda hannun zai ratsa layin da ke tsakanin idon kyamara da haɓar mutumin. Idan aka kalli ɗaukar aka ga haske tsakanin hannu da fuska, mai kyamara ne zai matsa taku ɗaya. Kada a ce wa 'yan wasa su ƙara kusantar juna, nan ake fasa leɓe.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Nauyin naushi yana jikin wanda aka naushe. Duk wanda ya zauna a filin dambe ya san cewa ba hannun da aka ɗaure da kara ake kallo ba lokacin kisa, gwiwar da ta lanƙwashe ake kallo. A finafinanmu sai ka ga bos ya juya kai tun hannu bai iso ba, ko ya juya dama alhali naushin ma daga dama ya fito. Kai ya bi hanyar da hannu ya bi, kafaɗa ta biyo, sannan ƙafa ta ja baya. Dukan ciki na naɗe mutum gaba, ba ya jefa shi baya. Mai karɓa ya fi jarumi buƙatar atisaye, don haka ku ba shi lokaci mafi yawa. A fara a rabin sauri ana ƙirga ɗaya, biyu, uku da baki, a raba faɗan gida-gida, kowane gida motsi uku zuwa biyar, kada a ƙara sauri sai an yi shi sau da yawa ba tuntuɓe.

Sai girgiza kyamara da yawan yanka hoto wajen haɗa fim. Wasu na yin haka don faɗa ya yi zafi, amma ido kawai yake gajiyarwa. Masu fim na Hong Kong sun yi suna ne da ja da kyamara baya a ga mutum daga kai zuwa ƙafa, kuma duka da karɓarsa su faɗo cikin hoto ɗaya. Ku ja layi a ƙasa tsakanin mafaɗatan biyu, kyamara ta zauna gefe ɗaya na layin. Da zarar ta tsallaka, jarumin da ke hagu ya koma dama, mai kallo ya rikice.

Game da saitin kyamara: ƙarƙashin ƙwan lantarki ku ɗauka a firem 25, wato hotuna 25 cikin daƙiƙa, shata (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske a kowane hoto) a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu tana kai-komo sau 50 ne cikin daƙiƙa, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyafta. Wanda ke son motsi a hankali ya ɗauka tun farko a firem 60 ko 120. Sai dai jan hoto a hankali yana tona duk naushin da bai kai ba, a ajiye shi don tsalle ko faɗuwa. In ana son duka ya yi kaifi, edita ya cire firem ɗaya ko biyu gab da saukar hannu. Ƙara wa faɗan gaba ɗaya sauri yana mai da mutane kamar 'yan tsana.

Sauti ma ana kashe shi da ƙara guda da aka sauko da ita daga intanet, ita ce ta fuska, ita ce ta ciki. Ku naɗi naku a ɗaki shiru: dukan buhun gero don ciki, tafi a kan jiƙaƙƙen tsumma don fuska, karya busasshen karan dawa don ƙashi, kaɗa siririn tsumagiya don iskar hannu. A ɗora kowanne daidai kan firem ɗin da duka ya sauka, a bar nishi da jan numfashi su fito. Ɗan hoda a kan takalmi ko kafaɗar riga yana sa ƙura ta tashi wurin da shuri ya sauka, musamman in rana tana bayansu.

In yaran bos biyar ne, kada huɗu su tsaya suna rawa suna jiran layi. A kai faɗan cikin lungu ko bakin zaure inda mutum ɗaya kawai zai iya shiga. Jarumi kuma ya gaji, ya sha duka, rigar da ta yage ta zauna a yage har ƙarshen fitowar.

Wanda zai faɗi a shimfiɗa masa katifa inda kyamara ba ta gani, ko a zaɓi wuri mai yashi a tsince duwatsu da kwalabe. Adda da wuƙa su zama na katako ko roba. A watannin Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, a yi ɗaukar faɗa da sassafe ko bayan la'asar. Kuma da yanayin tsaron Zamfara da wasu sassan Kebbi, kada a fita da bindigar wasa ko rufe fuska sai an sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, an faɗa musu wurin da ranar da za a yi aikin.