Yadda za ka gina gida mai sanyi ko da maƙwabta sun ce ka koma ƙauye

Yanzu duk wanda ya sayi fuloti a Kano ko Kaduna abu ɗaya ne a ransa, bulon siminti, dogon rufin kwano, gilashi ta ko'ina, a cike filin tam babu ko inda za a shimfiɗa tabarma. Sai Afrilu ta zo zafi ya haura 40, a ɗauke wuta, ka ga mai gida a ƙofar gida da singileti yana neman iska. In kana so ka kauce wa wannan layin to ga yadda ake bi.

Kafin ka biya mai zane ko sisi, je filin da la'asar ka ga ta ina rana ke duka. Dogayen bangwaye su kalli kudu da arewa, ɓangaren yamma ka jera sito da banɗaki da matakala su sha ranar, ɗakin kwana ya tsira. Gabas kuma ta nan ruwan damina ya fi bugowa da iska, sai ka ba shi baranda.

Ka bar tsakar gida. Na san za a ce maka asarar fili ce, wai da ka ƙara ɗaki biyu ka sa haya, amma ita ce ke jan iska cikin ɗakuna, nan ake shanya, nan yara ke wasa, nan mata ke zama ranar suna ba sai an tare titi da kanofi ba.

Sai babbar rigimar, bulon ƙasa. Ba tubalin hannu nake nufi ba, jar ƙasa ce ake cakuɗawa da ɗan siminti a matse da inji. Gwada ƙasar tukuna: zuba ta a kwalba da ruwa, girgiza, bar ta ta kwana, yashi zai zauna a ƙasa laka a sama, kana so yashin ya rinjaya don in laka ta yi yawa bulon tsagewa zai yi. Siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ya isa. In an buga a rufe da leda ana yayyafa ruwa, a ba shi wajen mako 4, kar ka yarda magini ya ce ai ya bushe a ɗora, bushewa daban ƙwari daban. Harsashi kuwa dutse da siminti, ya taso sama da ƙasa kamar gwiwa, bakin rufi ya leƙo waje sosai, don ruwa ne kaɗai abokin gaban wannan gini. Wanda ya ce ba ya ƙarko ka tura shi Dandaji a jihar Tawa ta Nijar ya ga sabon masallacin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka zana, da irin bulon nan aka yi shi aka gama a 2018. Shi kuwa masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 Babban Gwani ya gina shi da ƙasa.

Rufi kuma kar kwano ya kwanta a kan silin, bar tazara iska ta ratsa ta kwashe zafin, dabarar da Francis Kéré ya yi kenan a makarantar Gando ta Burkina Faso, kuma ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Sa ƙananan tagogi can sama kusa da silin, da raga saboda sauro.

Zanen dai ka kai shi hukuma ta sa hannu, in a Kano ne hukumar tsara birane ta KNUPDA, kuma injiniya ya duba musamman in bene ne. Uwargida ma a zauna da ita tun farko don ita ta fi ka wuni a gidan. In har yanzu zuciyarka na rawa fara da zaure ko ɗakin mai gadi, ka bar shi ya sha bazara ɗaya da damina ɗaya kafin ka sa a buga sauran bulon.