Yadda Za Ka Bi Diddigin Jirgin da Ya Faɗi a Ƙasarku Zamanin Yaƙi

A garuruwa da dama na gabashin Kano da Jigawa akwai labarin wani jirgin sama da ya faɗo "zamanin yaƙin Hitila". Kowa da irin gishirin da yake ƙara wa labarin, amma ƙarshensa kusan ɗaya ne: wai harbo shi aka yi. Ni tsohon malamin firamare ne a ƙasar Jahun, kuma tun da na ajiye alli nake bin irin waɗannan labarai. Abin da na tabbatar shi ne, jiragen da suka faɗi a wannan yanki hazo da hadari da ɓatan hanya da ƙarewar mai ne suka kayar da su, ba bindiga ba. Mutumin ƙauye zai iya gano hakan da kansa idan ya san abin da zai tambaya.

Fara da sanin abin da ya kawo jiragen. Daga watan Satumba na 1940, Turawan Ingila suka riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da yanzu ake kira Injamena, su ratsa Sudan har Alƙahira. Jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Daga 1941 kuma kamfanin Pan American na Amurka ya shigo da jiragen dako, kafin sojan Amurka su karɓi aikin a 1942. Tsakanin Kano da Maiduguri kusan kilomita 500 ne, kuma idan ka ja zare a taswira, ta kanmu ya bi. Ƙananan jiragen Hurricane mutum ɗaya suke ɗauka, ba su da mai duba hanya, don haka sukan tashi a jere suna bin babban jirgi ƙirar Blenheim kamar yadda ayari ke bin madugu. Wanda ya ɓace wa madugu ya shiga uku. Su kuwa Jamusawa, harin da aka sani sun kawo wa wannan hanya shi ne na Janairun 1942, lokacin da jirginsu guda ɗaya ya jefa bam a ma'ajiyar mai ta Fort Lamy. Shi ma a hanyar komawa mai ya ƙare masa, ya sauka a hamada.

Sai ka tantance wane zamani ake magana, domin tsofaffi kan cuɗa labari uku wuri ɗaya: na yaƙin Hitila, na yaƙin basasa, da na haɗurran filin jirgin Kano da kowa ya ji a rediyo. Kada ka tambayi shekara, ba da ita suke lissafi ba. Tambayi wa ke sarauta. A ƙasar Kano, Sarki Abdullahi Bayero ya yi daga 1926 zuwa 1953, Sanusi ya biyo har 1963, Muhammadu Inuwa ya yi 'yan watanni, sannan Ado Bayero. Tambayi ko an yi yunwar 'Yar Gusau, ko an riga an ɗebi samari zuwa yaƙi a ƙasar Bama (Burma), ko Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wanda ya faru a 1956. Tambayi kuɗin da ake kashewa. Idan an ce lokacin da naira ta fara fitowa ne, to Janairun 1973 ke nan, watan da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wannan ba shi da alaƙa da yaƙi ko kaɗan.

Wajen tambayar ne aikin yake. Ka fara da gidan dagaci, ka faɗi ka yi gaisuwa, ka ce, "Ranka ya daɗe, tarihi nake nema, ba ƙarfe ba." Wannan kalma tana da muhimmanci, don mutane sun gaji da 'yan jari-bola da masu neman abin da ba su ajiye ba. Riƙe goro. Wanda ya ga abin da idonsa yana ɗan shekara takwas a 1942, yau ya haura casa'in, saboda haka yawancin waɗanda za ka samu 'ya'yansu ne, kuma wajibi ne ka rubuta wane ne ya gani, wane ne ya ji. Zauna da kowa shi kaɗai. In ka tara su a dandali, mai babbar murya zai kwashe labarin, sauran su bi shi da "haka aka yi". Kada kuma ka manta da tsofaffin mata. Su suka fi riƙe lokaci, domin da aure da goyo da aikin gida suke auna shi. Wata tsohuwa a unguwarmu da na ce mata, "Iya, da wane aiki kike ranar?" ta ce suna sussukar gero, kakarta ta hana ta zuwa kallo saboda buji ya rufe gari, ko kukar bakin kasuwa ba a hangowa. Wannan amsa guda ta fi mini duk abin da na ji a zaure.

Kada ka taɓa cewa, "Me ya kayar da shi?" Za a ba ka ra'ayi ne. Tambayi abin da ido da kunne suka shaida. Damina ce ko rani? Da hantsi ne ko dab da magariba? Daga gabas ya ɓullo ko daga yamma? Shi kaɗai ne ko da 'yan'uwansa? Ya yi ta kewaye gari kafin ya sauko? Injinsa na ruri, ko yana tari, ko shiru ya zo? Baturen ya fito da ƙafarsa? Wa ya zo daga baya, Di'o ne da 'yan doka ko motar soja?

Idan aka ce maka lokacin hunturu ne, jirgi shi kaɗai, ya yi ta shawagi ƙasa-ƙasa, injin ya yi tari ya mutu, sannan ya ja ciki a fako ko busasshiyar fadama, to ɓatan hanya ne da ƙarewar mai. A wancan zamani da ido ake bin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, kogin Haɗeja, duwatsun Dutse, irin alamun da matuƙi ke nema ke nan, kuma hazo mai kauri yana shafe su duka. Kewayen da yake yi neman inda yake ne, ko neman fili. Wannan ba a nan kaɗai ya faru ba. A Afrilun 1943 wani jirgin Amurka ƙirar B-24 mai suna Lady Be Good ya dawo daga kai hari Italiya da dare, ya wuce sansaninsa a Libiya bai sani ba, ya nausa hamada har mai ya ƙare. Sai a 1958 aka hango shi, mutanensa kuwa kusan dukansu ƙishirwa ta kashe su suna tafiya a ƙasa. Ƙura kuma tana cin inji a hankali, shi ya sa aka riƙa maƙala wa jiragen wannan hanya babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci.

Idan damina ce, kuma an ce hadari ya haɗo daga gabas, ka karkata can. Mu manoma mun san iskar da ke gaban ruwa, wadda ke ɗage jinka ta kwantar da dawa. A cikin irin wannan hadari iska kan zubo daga sama da ƙarfi, ta bugi ƙasa ta watsu, sai jirgin da ke fuskantar iska ya ga ta koma bayansa farat ɗaya, fukafukansa su rasa abin da ke ɗauke da su. Haka ta faru ranar 24 ga Yunin 1956, lokacin da jirgin fasinja na kamfanin BOAC na Ingila ƙirar Argonaut ya tashi daga Kano zai nufi Tarabulus ta Libiya, ya kasa ɗagawa, ya bugi bishiya. Cikin mutum 45, 32 suka mutu. Lafiyar injinsa ƙalau. Da bazara kuma zafi na sa iska ta yi sako-sako, jirgi mai nauyin kaya ya sha wuyar tashi, amma irin wannan kusa da filin jirgi ake samunsa. Ka haɗa da gajiyar matuƙa, da zazzaɓin cizon sauro da ya addabe su, da jirgin da jiya-jiya aka fito da shi daga akwati aka ɗaura cikin gaggawa.

Yaƙin basasa ba sai na daɗe a kansa ba. Jiragen yaƙin gwamnatin tarayya ƙirar MiG-17 sun iso Kano a Agustan 1967, amma fagen fama yana kudu maso gabas. Can ne aka harbo jirgin agaji na Red Cross ƙirar DC-7 ranar 5 ga Yunin 1969 kusa da Eket, can ne kuma jiragen agaji suka riƙa faɗuwa a Uli, inda titin mota aka mayar filin sauka, ana sauka da dare fitilu na kunne na ɗan lokaci kaɗan. Ko jirgin Nigeria Airways ƙirar VC10 da ya tashi daga Kano a Nuwamban 1969 ya hallaka da mutum 87, bishiyoyi ya buga yana gangarowa zai sauka Ikko.

Daga nan sai ka je wurin da ƙafarka, da izinin mai gona, bayan an kawar da amfani. Tambayi yadda tarkacen ya kwanta. Rami ɗaya mai zurfi na nufin da ka ya zo. Tarkace a warwatse gona bayan gona na nufin da gudu ya shafi ƙasa, ko tun a sama ya wargaje. Jirgi cikakke da doguwar kunya a bayansa, matuƙi ne ya sauke shi da gangan. Kada ka sa ran samun abu mai yawa a gonar, don abin da soja suka bari maƙeran fari sun narkar tuni. A cikin gidaje za ka nema. Na riƙe wani murfin rumbu da hannuna, falle ne mara nauyi, da jerin ƙananan ƙusoshi masu lafaffen kai a gefensa, maganaɗisu bai kama shi ba. Alminiyam ke nan. Juya kowane guntu ka nemi lamba ko haruffa da aka buga, ka ɗauki hoto da waya, ka mayar wa mai shi abinsa. Idan an ajiye reshen farfela na ƙarfe, duba lanƙwasarsa: wanda ya kwanta baya sumul yana nuna inji ba ya aiki lokacin da ya taɓa ƙasa, wanda ya murɗe bakinsa ya yayyage kuwa da ƙarfinsa ya zo. Gindin kwanson harsashi yakan ɗauki shekarar da aka ƙera shi.

Abu uku nake roƙonka. Harsashin da ba a harba ba, kada ka ƙwanƙwasa shi, kada yara su jefa shi a wuta, ka sanar da dagaci ya kira hukuma. Agogunan gaban matuƙi kuma an shafa musu fenti mai sinadarin radiyam don su yi haske da dare, gubarsa ba ta gushe ba har yau, kada a fasa gilashin ko a kwana da shi a ɗaki. In aka nuna maka kabari, ka bar shi yadda ka same shi.

Takarda ce ƙarshe, bayan ka san gunduma da kusan shekara. Jigawa sai 1991 aka cire ta daga Kano, don haka fayilolin Lardin Kano za ka nema a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Ni na fi ba da shawarar rahoton hakimi da takardun diyya, domin idan jirgi ya ɓata gona, ko an ɗebi mutane aikin ɗaukar tarkace, magana ce ta kuɗi, En'e kuwa ba ta wasa da rubuta kuɗi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa tun 1939, sai dai lokacin yaƙi ba kowane labarin soja ake bari a buga ba, saboda haka rashin ganinsa a jarida bai ƙaryata tsofaffi ba. Idan Baturen ya mutu, hukumar kula da kaburburan sojan ƙasashen renon Ingila, Commonwealth War Graves Commission, tana da shafin intanet da ake bincika sunaye kyauta ta ƙasa da ranar mutuwa. Duk abin da ka haɗa, ka rubuta shi da Hausa, ka kai wa dagaci kwafi ɗaya, ka ajiye ɗaya a ofishin hedimasta.