Kurakuran da Ɗalibai Suka Fi Yi a Darasin Labarin Ƙasa na Ɗan Adam

Ɗalibai da dama a manyan azuzuwan sakandare suna shiga wannan darasi da zaton cewa haddar sunayen ƙasashe da manyan biranensu ce za ta fisshe su, alhali tambayar da darasin ke yi ita ce: me ya sa abu kaza ya kasance a wuri kaza, kuma me hakan ya jawo wa mutanen wurin? Wanda bai riƙe wannan tambaya ba zai cika takarda da bayanai na gaskiya amma ya tashi da maki kaɗan.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai, a ganina, shi ne ɗaukar tsare-tsaren masana tamkar hoton duniya ne. Misali, a shekarar 1826 Bajamushe von Thünen ya zana yadda noma ke kewaye birni zobe-zobe: kayan lambu da madara a kusa saboda saurin lalacewa, sai dajin itacen wuta saboda nauyin ɗauka, sai hatsi, sannan kiwo can nesa, tunda dabba da ƙafarta take zuwa kasuwa. Ɗalibi yakan haddace zobban huɗu ya tsaya nan, ya manta cewa mutumin ya ƙaddara ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, kasuwa ɗaya tak, kuma da keken doki ake jigila. Gyaran shi ne a koyi kowane tsari tare da sharuɗɗansa, sannan a nuna inda ya karye, kamar yadda jirgin ƙasa da na'urar sanyaya kaya suka ba da damar kawo madara daga nesa. A nan ne maki yake.

Akwai kuma ruɗu wajen lissafin cunkoson jama'a. Idan aka raba mutanen Masar, waɗanda suka haura miliyan 100 a 2020, da faɗinta na kimanin murabba'in kilomita miliyan 1, sai a ga kamar akwai yalwa, amma kusan kowa a bakin Kogin Nilu yake zaune, sauran kuwa hamada ce. Saboda haka dole ne a duba ko da dukan faɗin ƙasa aka yi rabon ko da ƙasar noma kaɗai, domin amsoshin biyu sun yi hannun riga.

Haka nan ana cakuɗa ƙasa da al'umma. Kurdawa al'umma ce mai harshe da tarihi, amma suna warwatse a Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya ba tare da ƙasar kansu ba.

A ɗakin jarrabawa kuwa, gaggawa ce ke kayar da masu ƙoƙari. Idan tambaya ta ce a bayyana dalili, ambaton abu kawai bai wadatar ba, sai an haɗa shi da "saboda", an kuma kafa hujja da wuri takamaimai. Kafin a taɓa alƙalami a kan tambayar taswira, a fara karanta takenta da mabuɗinta, wato bayanin ma'anar alamomi da launukan da ke cikinta, a tabbatar ko alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne ko na lardi-lardi.