Girkin lokacin zafi in baƙi za su zo yini

Daga Maris zuwa Mayu kowa ya san yadda gari yake, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai duk kanwar ja ce, zafi ya haura digiri 40 ga wuta babu, ruwan randa ma ɗumi yake yi. To a irin wannan lokacin in dangi suka ce za su zo yini ko ƙawaye za su haɗu a gidanki, don Allah ki ajiye zancen tuƙa tuwo da soye-soye da tsakar rana. Duk abin da zai hau wuta ya hau tun da sassafe, sauran haɗi ne kawai, kina zaune a inuwa ma za ki gama.

Ni dai kwaɗon zogale nake sawa a gaba. Ki tsince ganyen ki wanke, ki dafa har ya yi laushi, ki tsame ki matse shi sosai da hannu sai ya daina ɗiga, ki baza a faranti ya huce. Ƙuli-ƙuli kuma ki daka da barkono da magi da ɗan gishiri, in kina son ƙamshi ki jefa ɗan citta, ki zuba a roba mai murfi. Tumatir da albasa kar ki taɓa su tukuna. Nan ne mutane da yawa suke ɓata abu, a haɗa kwaɗo tun ƙarfe goma a rufe a kula, kafin azahar tumatir ya saki ruwa ƙulin ya jiƙe ya yi caɓal har ya fara tsami, baƙi su ci cokali biyu su ce alhamdulillahi sun ƙoshi. Sai sun zauna an gama gaisawa za ki yanka, ki zuba ƙuli, ki ɗiga man gyaɗa ki cakuɗa, minti biyar ya isa. In mutanen da yawa ki yayyafa wa garin kwaki ruwa kaɗan ki haɗa a ciki, yana ƙara auki. Rama ma haka ake mata, sai dai ita ki zubar da ruwan dahuwar farko saboda tsaminta.

In ana son abu mai riƙe ciki sai ɗan wake. Garin wake da alabo, kuka kamar cokali ɗaya ko biyu, ruwan kanwa da kika jiƙa kika tace, ki kwaɓa kar ya yi ruwa kar kuma ya yi tauri, yadda in kin ɗebo da yatsu zai saki da kansa. Sai ruwa ya tafasa sosai za ki fara jefawa, kuma kar ki rufe tukunyar ruf, kumfa zai taso ya kashe miki risho ko ya ɓata kan gas. In suka taso sama ki ba su 'yan mintuna, ki fasa ɗaya ki duba ciki, in babu fari-farin gari ya dahu, ki tsame cikin ruwan sanyi. Mai da aka soya da albasa, yaji, dafaffen ƙwai, kabeji da kokumba kowanne a kwanonsa, kowa ya zuba daidai bakinsa, don akwai masu olsa da ba sa shiri da yaji.

Ranar da ba kya jin kunna wuta kwata-kwata ki aika a sayo gurasa ki yi bandashe, ki tsoma ta a ruwa ki cire da sauri, ki barbaɗa ƙuli, mai, albasa da tumatir, shi ke nan. Garau-garau kam ba sai na koya wa kowa ba.

Abin sha kuma zoɓo ya fi kwanciyar hankali, ki dafa da daddare da citta da kanumfari da ɓawon abarba, da safe ki tace ki sa suga ki ɗura a gorori. Tsamiya ma haka. Kunun aya akwai daɗi wallahi amma in babu firji mai aiki 'yan awoyi kaɗan zai juya, in dole sai shi ki niƙa a ƙurarren lokaci a shanye. Ƙanƙarar da kika saya a waje in ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba kar ki fasa ta cikin abin sha, ki jera gororin a kula ki ɗora ta a kai. Kankana ma ki tura ta ciki ɗungurungum, sai za a sha a yanka.

Salak mai bama da ƙwai in har kin yi shi, a ci a take, wanda ya rage kar ki ajiye wa yara zuwa dare in ba a firji ya zauna ba.